Kwanon Luka Mai Hoto

Ranakun aiki da yawa sun shige sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da Larabar da muka kai majigi Bungudu ba, ranar da muka nuna fim ɗin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Ku da kuka shigo sashen nan bayan na yi ritaya, na san kun ji ana cewa fita ce da ta yi kyau, har an yaba mana a nan ofishin Gusau. Gaskiya ne, an yaba. Sai dai ni a Bungudun nake zaune, na ga abin da ya biyo baya bayan mun naɗe allo. Tunda kun ce tsoho ya faɗi wani abu, shi zan ba ku.

Bari in fara da yadda muke aiki, saboda baƙin da ke cikinmu. Ayarin majigi mutum uku ne. Akwai mai sharhi, shi ne shugaban tafiya, shi ke riƙe da makirfo yana faɗa wa jama'a da Hausa abin da ke gudana a allo. Akwai mai inji, wato ni, a lokacin ina mataki na bakwai a aikin gwamnati. Aikina in kafa allo, in tayar da janareto, in haɗa na'ura da lasifika, in kunna, in kuma kashe idan aka ce in kashe. Sai direba. Kafin mu je gari ana sanar da hakimi, shi kuma ya sa mai shela ya zaga. Da can bayan Magariba muke nunawa a fili, kowa ya zo da tabarmarsa. Da hanyoyi suka lalace da rashin tsaro aka hana taron dare, sai muka koma nunawa da rana a ajin firamare, a toshe tagogi da tabarmi da buhuna. Doka kuma ita ce a sallami jama'a kafin La'asar, domin mutanen ƙauye su isa gida da sauran rana.

Mai sharhinmu Malam Bawa ne, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa ganin mai baki irin nasa ba. Shi ba fassara yake yi ba, dafa fim yake ya zuba masa gishiri. Baƙon mutum zai fito a allo, kafin ya buɗe baki Malam Bawa ya raɗa masa suna Tanko, ya ba shi mata Ladi, ya ce daga Kekun Waje yake. Nan take sai ka ga jama'a sun gyara zama, don abin ya zama nasu. Yana kuma da ƙa'ida guda da dukanmu muka gada. Kusan kowane fim na wayar da kai yana ƙarewa da wani masani zaune a kujera yana bayani. Idan lokaci ya ƙure, wannan ɓangaren ake yankewa. Malam Bawa yakan ce ba wanda ya baro gonarsa don ya kalli mutum zaune yana surutu. Maimakon haka sai a tayar da wani ɗan gari da aka sani, ya yi bayanin da bakinsa. Shekaru muka yi a haka, kuma tana yi mana aiki.

Fim ɗin da nake magana daga sama aka aiko mana da shi, aka ce mu nuna a garuruwan da ake cinikin tsohon ƙarfe: Gusau, Bungudu da Tsafe. Dalilin shi ne akwai wasu na'urori na masu aikin hanya da na manyan asibitoci da ke ɗauke da wani ɗan abu a cikinsu mai fitar da tururin nukiliya dare da rana. Ba shi da wari, ba shi da zafi a farko, amma yana cin jiki. Idan irin wannan na'ura ta ɓace ta faɗa hannun 'yan gwangwan suka fasa ta, an shiga uku. Ana gane ta da wata alama, kamar fanka mai fukafukai uku, baƙa a kan ruwan ɗorawa. Saƙon dai bai wuce wannan ba: ka ga alamar a jikin ƙarfe, kada ka fasa, kada ka kai gida, ka kira hukuma.

Labarin cikinsa na wani mai sayen ƙarfe ne da ya fasa irin wannan abu a tsakar gidansa. Hannunsa ya kumbura ya sale, gashin matarsa ya zube, ɗansa ya kwanta. Sai wasu mutane suka zo cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, da wata na'ura mai ƙaras-ƙaras a hannu, suna bin gidan ɗaki-ɗaki. Duk abin da ta yi ƙara a kansa sai a jefa cikin ganga a rufe. Daga ƙarshe wata likita ta fito ta yi bayanin cewa wannan daban yake da hoton ƙashi da na ƙirji da ake ɗauka a asibiti, kada kowa ya ji tsoron zuwa. Da muka kalle shi a ofis, Malam Bawa ya tafa hannu ya ce, “Wanga zai shiga.”

Yanzu sai in gaya muku wane ne Luka. Luka shi ne mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitin garinmu, kuma maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mutumin Filato ne, Kirista, ya zo tun yana saurayi, ya auro Saratu daga can, suka haifi 'ya'yansu duka a unguwarmu. Kowa Mai Hoto yake ce masa, shi kuma yana ce mini Mai Majigi, yana tsokanata wai shi hotonsa yana nuna gaskiyar cikin mutum, nawa kuwa ƙarya ce da lasifika.

A unguwarmu muna ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Mamman, babban ɗan gwangwan na garin kuma dattijon layinmu. Da Magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa a jera a kan tabarma. Mu shiga masallaci, Luka ya zauna yana gadin kwanoni kada kyanwa ta riga mu. In mun fito sai a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Kwanon Luka wata tsohuwar samira ce mai shuɗin baki, da ɗan lotsawa a gefe inda ɗansa ya taɓa yar da ita. Saratu takan yi faten acca da ganye wanda ba a iya shi a garinmu, kuma Alhaji Mamman ba ya ɓoye kwaɗayinsa. Da ya ga samirar sai ya ce a fara da ita kafin ta huce. Shi ne ma ke yanka wa Luka akuyar Kirsimeti duk shekara, don mu ma mu ci. Wanda bai san ciyayya ba zai ɗauka cin tuwo ne kawai. Mu kuwa a nan muke sanin wanda ke cikinmu, a nan kuma matar gida ke sanin matsayin girkinta, daga yadda kwano ya koma.

Da aka zo neman ɗan garin da zai yi bayani, Malam Bawa ya ce ai ba sai an wahala ba, ga mutumin da ke aiki da irin wannan abu kullum. Ya je asibiti da kansa ya roƙe shi. Luka ya ji daɗi ƙwarai. Ranar ya sa farar rigarsa ta aiki, an goge ta har tana ɗaukar ido.

Larabar ta fara mana da tsiya. Janareto ya ƙi tashi, ashe ruwa ne a cikin man. Kafin in tsiyaye in wanke in sake haɗawa, Azahar ta kusa, sai aka ce a yi salla tukuna. Ajin ya cika har baranda: 'yan gwangwan da yaransu, masu unguwanni, manoma daga Nahuce da Kekun Waje, da duk mutanen layinmu, don Alhaji Mamman ya ce kowa ya zo ya ga maƙwabcinsa zai yi jawabi. Ga zafi, ga tagogi a toshe. Na kunna.

Malam Bawa ya yi aikinsa yadda ya saba, har ya fi. Mai ƙarfen ya zama Tanko, tururin ya zama wutar da ba a gani. Da farko ana dariya. Da hannun Tanko ya fara salewa dariya ta ɗauke. Sai aka zo inda masu fararen kaya suka kai na'urarsu kan wani kwanon abinci a tsakar gida, ta ɗauki ƙara kamar ana soya gyaɗa. Malam Bawa ya sassauta murya ya ce, “Jama'a, ku dubi kwanon nan da kyau. Kwanon ciyayya ne. Tanko bai san yana ɗauke da ita ba, maƙwabta ba su sani ba, kowa ya sa hannu ya ci.” A fim ɗin ba wanda ya ce haka, kwano ne kawai. Amma na ji ajin ya yi tsit, har ina jin numfashin na kusa da ni. A raina na ce lallai mutumin nan gwani ne.

Aka rufe gangar, likitar nan ta fito a kujerarta. Malam Bawa ya dubi agogo, ya ɗaga mini hannu. Na kashe, aka yaye tabarmin tagogi, ya kira Luka.

Luka ya tsaya yana murmushi ya gaishe da manya. Ya ce, “Alamar nan da kuka gani, irinta ce a ƙofar ɗakina a asibiti. Shekara da shekaru ina shiga ina fita, ga ni lafiya lau.” Sai ya taɓa wani ɗan baji da ke maƙale a ƙirjin rigarsa. “Wannan kuma shi ke auna abin da ya same ni. Lokaci-lokaci ana kai shi a duba.” Ni da nake gefe na ga idanu sun koma kan bajin, don masu fararen kayan cikin fim ma irinsa ne a ƙirjinsu.

Wani dattijo daga Nahuce ya ɗaga hannu ya ce, “To ɗana, da mi kake kare kanka?”

Luka ya ce, “Baba, akwai rigar dalma da ake sawa. Bangon ɗakin ma akwai dalma a cikinsa.”

Dattijon ya ce, “Inna lillahi,” ya sunkuyar da kai.

Ku da kuke 'yan jihar nan kun san abin da kalmar dalma take nufi a kunnen mutanenmu. Ba su manta da ƙauyukan da gubarta ta kwashe yara ba, inda aka zo aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe. Ko'ina a duniya Luka ya faɗi wannan magana hankali zai kwanta, amma ba a Zamfara ba. Ya lura da yadda fuskoki suka canza, ya fara cewa injinsa kamar tocila yake, in an kashe shi ke nan. Amma lokaci ya riga ya tafi, na bakin ƙofa sun fara jan benci suna neman takalma. Malam Bawa ya karɓi makirfo ya yi godiya, liman ya yi addu'a, aka watse.

Gaskiyar magana, don kada wani cikinku ya fita da shakka, ita ce wadda Luka ya so ya faɗa. Injin hoto ba ya fitar da komai sai an danna shi, kuma abin da ya fitar ba ya maƙalewa a jikin mutum ko a tufafinsa balle ya kai gida. Dalmar kuma a rufe take cikin roba da cikin bango, ba ƙura ba ce da za a shaƙa. Duk wannan yana cikin bayanin likitar da muka yanke.

A daren farko ban lura da komai ba. Washegari aka buɗe samirar Luka, Alhaji Mamman ya ce cikinsa ba daɗi, a wuce da shi. Telan layinmu ya ce shi ya ci wani abu da yamma. Aka ɗan taɓa, aka rufe. Kwana na gaba aka bar ta ƙarshe, kafin a zo kanta kowa ya yi hamdala ya miƙe wanke hannu. Ba wanda ya ce uffan. Gaisuwa tana nan yadda take, ana Mai Hoto ina gajiya, ana tambayar iyali. Kawaicin nan namu da muke taƙama da shi, a nan na ga yadda yake yanka mutum ba jini.

Ni kun san ni da ciki. Sai na ɗauki abin a kaina, in jawo samirar gabana in yi ta ci ina santi da ƙarfi, ina cewa ku kuka sani, kun bar mini rabona. Amma faten mutum shida ba na mutum ɗaya ba ne. Na yi mako ina kwana da kumburin ciki, matata tana mini faɗa wai na bar tuwonta ina bin na maƙwabta. Duk da haka kwanon yana komawa da fiye da rabi. Wata safiya Saratu ta leƙo ta katanga ta tambayi matata ko gishiri ne ya yi yawa a girkinta kwanan nan. Matata ta shigo ɗaki tana share ido.

Na sami Alhaji Mamman a wurin awon ƙarfensa, na ja shi gefe. Na ce, “Alhaji, wannan abin da ake yi wa Luka bai dace ba. Wallahi ba abin da yake ɗauke da shi.”

Ya ce, “Isiya, kai ka san ba ƙinsa nike ba. Ɗiyansa a hannuna suka girma. Amma da idona na ga kwanon nan, kuma ku kuka nuna mana. Shi da bakinsa ya ce ana auna shi, ya ce da dalma yake aiki. In ba ya kwasar komi, don mi ake auna shi? Ina da ƙananan jikoki a gida.”

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya yi ta cewa haka ne, haka ne, amma na san maganata ba ta kai inda hoton ya kai ba.

Ranar Litinin na zo nan ofis na sami Malam Bawa, na ce ina roƙon a koma Bungudu a nuna ƙarshen fim ɗin. Ya ce, “Isiya, an aike mu mu sa su ji tsoron ƙarfen nan. Sun ji?”

Na ce, “Sun ji, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To mun gama. Ka san tsari. Garin da aka yi an yi, ba man komawa, ga Tsafe tana jiranmu.”

Sai na ba shi labarin samirar. Ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Malam Bawa ba mugu ba ne, shi ma ɗan ciyayya ne a unguwarsu. Can ya ce, “Ni na ce kwanon ciyayya ne, ko?” Ya ce in ɗauki na'urar ranar Asabar in dawo da ita kafin Litinin, in wani ya tambaya shi ya aike ni gyara. A Tsafe kuwa da muka je, kwano ya bar shi kwano, kuma ya bari likitar ta yi maganarta har ƙarshe, ko da rabin ajin ya watse.

Asabar da hantsi na kafa allo a zauren Alhaji Mamman, na tara mutanen layinmu ba tare da Luka ba. Ni na yi sharhin, kuma ni ba Malam Bawa ba ne. Mace ce zaune a kujera tana magana, ni kuma ina bin ta da Hausa ina tuntuɓe. Na maimaita musu sau biyu. Suka saurara da ladabi. Tela ya ce to me ya sa ba a nuna wannan tun ranar ba, sai yanzu da magana ta taso? Na faɗi gaskiya, na ce lokaci ne ya ƙure. Na ga wasu sun yarda, wasu kuma sun ɗauka gyara ne na haɗo don in wanke abokina. Alhaji Mamman ya ce, “Mun ji. Allah ya yafe mana. Yau kowa zai ci.”

Da Magariba aka jera kwanoni. Alhaji Mamman ya ce a fara da samira, kamar da. Ya yi bismilla ya sa hannu. Na ga hannun ya ɗan tsaya a sama kafin ya sauka. Ya ɗebo 'yar loma ya kai baki, ya haɗiye ba tare da ya tauna ba, ya ce madalla da Saratu. Sauran suka bi, kowa loma ɗaya ko biyu, fuska a ɗaure kamar masu shan maganin zazzaɓi. Da aka tashi, Alhaji Mamman ya aika cikin gida a kawo masa sabulu, abin da bai taɓa yi ba. Ba da gangan ya yi ba, na tabbata bai ma san ya yi ba. Luka yana zaune yana kallo.

Muna komawa gida ya tsaya a ƙofarsa da samirar a hannu. Ya ce, “Mai Majigi, na san abin da ka yi yau, na gode. Amma kada ka sake.”

Na ce, “Haba Luka, ai an fara ci. A hankali za su saba.”

Ya ce, “Da ina cin abinci da maƙwabtana. Yau na zauna ina kallon mutane suna jarumta a kan girkin matata. Gara da suka bar shi.”

Daga ranar bai sake fito da kwano ba. Yakan zo ya zauna a gefen tabarma a yi hira, in za a buɗe abinci sai ya ce yana da aiki a gida. Bayan ɗan lokaci zaman ma ya daina. Mu shiga masallaci mu fito mu tarar kyanwa ta ture murfi. Kafin lokacin kaka Luka ya nemi canjin wurin aiki zuwa kusa da gida, aka ba shi. Ya ce mahaifiyarsa ce ta tsufa. Mahaifiyar tasa ta daɗe da tsufa, bai taɓa zancen tashi ba.

Ranar da za su tafi duk layin ya fito ɗaukar kaya. Alhaji Mamman da kansa ya ɗora katifa a ka, da girmansa, ya kawo buhun gero ya ce na yara ne. Ya riƙe hannun Luka ya ce a yafe juna, hawaye na zuba a gemunsa. Luka ya ce ba komai, shi bai riƙe kowa ba. Na yarda dukansu gaskiya suka faɗa, kuma wannan ne ya fi ci mini rai: ba maƙiyi ko ɗaya a wurin, amma ga mota tana tafiya da mutumin. Saratu ta raba wa mata tarkacen da ba za ta ɗauka ba. Ta ba matata samirar, ta ce ita ba ta son sake ganinta.

Samirar ta daɗe a bayan gado ba mai taɓa ta. Sai bayan Malam Bawa ya rasu, ni ma na ajiye aiki, wata rana kwanonmu ya fashe a hannu, matata ta zuba tuwo a cikinta ba tare da tunanin komai ba. Na fito da ita na jera. Aka buɗe, kowa ya sa hannu, ana ci ana gardamar farashin taki. An kusa cinyewa Alhaji Mamman ya juya ta don ya kai ga miya, sai yatsansa ya faɗa cikin lotsawar nan. Ya tsaya.

Ya ce, “Isiya, wanga ba kwanon Luka ba ne?”

Na ce, “Shi ne, Alhaji.”

Ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa. Sai ya jawo shi gabansa ya ci gaba da ci shi kaɗai, a hankali, har ya sa yatsa ya suɗe gefe. Bai nemi sabulu ba. Ya ce, “Ashe ba komi,” ya tashi ya shiga gida bai yi wa kowa sallama ba.

Washegari na kira Luka a waya na gaya masa. Ya ce, “An cinye?” Na ce an cinye har an suɗe. Ya ce, “To madalla. Ka gaishe su.” Muna gaisawa har yau, duk Sallah sai ya kira, amma bai sake taka Bungudu ba.

Ban ba ku wannan labari don ku zargi Malam Bawa ba. Abin da aka koya masa ya yi, kuma 'yan gwangwan garinmu har gobe ba sa fasa ƙarfen da ba su gane ba, wataƙila an tsirar da rai ta haka. Abin da na koya shi ne aikinmu ya fi ƙarfin hannunmu. Tsoro da hoto muke zuba shi, cikin ɗan lokaci ya shige, amma in za a cire shi da baki ake cirewa, kuma baki ba ya kamo hoto. Mutanenmu ba jahilai ba ne, yarda suke da mu. Abin da muka haska musu a allo suna ɗaukarsa su kai gida, su nemi wanda ya yi kama da shi a layinsu.

Saboda haka yanzu da kuke yawo da finafinanku a waya da kwamfuta, kuna aika su inda ƙafarku ba ta zuwa, ina roƙonku abu biyu. Kada ku yanke mai bayanin nan na ƙarshe, ko da mutum uku suka rage a ɗakin. Kuma kafin ku kunna, ku tambaya wa ke zaune a garin nan da zai kwana da abin da za ku nuna. Mu ranar mun naɗe allonmu kafin La'asar, mun cika doka, an rubuta mana yabo. Ni kuma har yau in na fito da tuwo da Magariba, sai na sa jikana ya tsaya gadin kwanoni, don wanda ke yi mana ba ya nan.